Wa ke shanye ruwan kafin ya iso mu? Muhawarar manoman rani daga Kura zuwa Gashua

Na Ƙarshen Kanal:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau kam ba zan iya yin shiru ba. Gonata eka biyu ce a yankin Kura, can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Ranar da layin ruwa ya zo kanmu na tashi tun kafin asalatu, na ɗauki fitila da saifon guda shida, wato bututun da muke zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa gona, na tafi. Abin da na tarar a kanal bai kai ya rufe idon sawu ba. Sai na bi gaɓa a ƙafa ina hawa sama, in ga inda ruwan ya maƙale. Ban yi tafiyar rabin awa ba na iske gonar wani bawan Allah, ya jera saifon ya fi goma tun daren jiya, ya tafi gida ya kwanta. Fangalinsa sun cika sun batse, ruwa ya karya kunya yana kwarara cikin magudanar banza, har kwaɗi na kuka a kan hanyar mota. Ni kuwa tawa shinkafar ta ɗauki ciki, ƙasa ta tsattsage har ina zura yatsu huɗu a tsagar.

Ba zan kama suna ba, don ba mutum ɗaya ke yi ba. Abin da nake tambaya shi ne: ruwan ne ya yi ƙaranci saboda wannan zafin da ke ƙaruwa kowace shekara, ko mu ne ba mu san darajarsa ba? Idan wannan zafin ne, me ya kamata manomi ya canza? Idan mu ne, wa zai tsawatar?

Alhaji na Bakin Ƙofa:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ya mayar maka da alheri. Amma ka ji ta bakin na sama ma. Ni gonata kusa da ƙofar ruwa take, kuma ba zan ɓoye ba, nakan cika fangali fiye da kima. Dalili kuwa, ba ni da tabbacin ranar da ruwa zai dawo. An ce kwana bakwai, wani lokaci sai ya kai goma sha biyu. Wanda aka taɓa bari da ƙishi, in ya ga randa ba ya sha da ludayi. Ga ciyawa kuma: in ka bar ƙasa ta buɗe, ciyawa ta taso, kuɗin masu cira kawai ya isa ya cinye ribarka. Ruwa a tsaye shi ne maganin ciyawar talaka.

Na Ƙarshen Kanal:
Alhaji, na ji. Amma ruwan da ke bin hanyar mota ciyawar wa yake kashewa?

Alhaji na Bakin Ƙofa:
Wannan kam ɓarna ce, ban kare ta ba.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na yi shekaru ina yawo a gonakin nan da babur, bari in ce wani abu a kan tambayar farko, don amsarta duka biyu ce.

Zafin gaskiya ne, ba tsammani ba ne. Duk lokacin da iska ta ƙara ɗumi da digiri 1, tana iya ɗaukar tururin ruwa fiye da da, da kusan kashi 7 cikin 100. Ma'ana iskar bazara ta ƙara ƙishi. Tana zuƙa daga fuskar dam, tana zuƙa daga kanal, tana zuƙa daga ganyen shukarka. Ban ruwan da a da yake kai ka kwana bakwai, yanzu a watan Afrilu da ƙyar ya kai biyar. Ku tuna Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Mu ma nan kowa ya ji a jikinsa.

Shinkafa kuma tana da wata gaɓa mai hatsari. In tana fitar da fure zafin rana ya wuce digiri 35, da yawa daga cikin ƙwayar ba ta cika, sai ka ga kai a tsaye, ka murza ka ji holoƙo. Wanda ya makara wajen dashe, furensa ya faɗo tsakiyar bazara, ya haɗa wa kansa zafi biyu: na rana da na ƙishi. Alkama ma haka take, sanyin hunturu take so. Shi ya sa ake cewa a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai same ta tana cika ido, ƙwaya ta motse.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, ruwan sama bai gudu ba. Bayan farin 1973 da na 1984, damina ta ɗan farfaɗo tun shekarun 1990. Abin da ya canza shi ne yadda yake sauka. Masu bincike sun gano cewa manyan hadaran nan masu juye ruwa lokaci guda sun ninka har sau uku a yankin Sahel tun farkon shekarun 1980. Ruwan wata guda ya sauka a dare biyu, ya share gona ya wuce, sannan a yi sati uku ba ɗigo. Ga ambaliyar Jigawa ta 2022, ga fashewar dam ɗin Alau da ta ci Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024. Ruwa ya yi yawa a Agusta, ya yi kaɗan a Afrilu. Aikin da ke gabanmu shi ne riƙe na Agusta ya kai mu Afrilu.

Amma abin da Malam ya gani da fitilarsa, wannan ba rana ce ta yi ba.

Baba na Gashua:
Yarana, ina karanta ku tun ɗazu. Kai mai cewa kana ƙarshen kanal, Allah ya yi maka albarka, amma a wurinmu ku duka kuna bakin ƙofa. Ƙarshen kanal na gaskiya nan yake.

Ina saurayi lokacin da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako. Kafin nan, kowace shekara ruwa kan sauko daga ƙasar Kano ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, ya bazu a fadamu kamar an shimfiɗa tabarma. Ba mu da inji, ba mu da kanal. Ruwa ya zo mu noma shinkafar fadama, ya fara janyewa mu bi laima da wake da sauran amfanin rani, masunta su kama kifi, Fulani su sauko da shanu su ci burgu. Gona ɗaya, mutum uku ke cin abinci a kanta, kowa da lokacinsa. Rijiyoyinmu ma daga wannan ambaliyar suke sha, don ruwan da ya kwanta wata uku a fadama yana nitsewa ƙasa ne.

Aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992. Yanzu mafi yawan abin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashua daga kogin Jama'are yake zuwa, shi da ba a datse shi ba. Ban ce kada Kano ta sha ruwa ba, miliyoyin mutane ne a can. Ban ce kada ku yi noman rani ba. Amma in na ji ana barin saifon a buɗe har gari ya waye, zuciyata tana ƙuna, don na san wannan ruwan da ya kwana a kan hanyar mota yana da masu jiransa.

Na Ƙarshen Kanal:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa ɗaukar kaina a cikin na sama ba sai yau.

Masunci daga Nguru:
Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai sauran magana. Mu nan Nguru ba rashin ruwa ya dame mu ba, ruwan ne ya ɓata hanya. A da kogi yakan bushe da rani, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa. Da aka fara sako ruwa daga dam duk shekara, ba yawa ba kuma ba yankewa, sai kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu abin da take so. Ta toshe tsohon kogin Haɗejiya, ta toshe reshen kogin da ake kira Burum Gana, ruwan da ya kamata ya nufi Gashua ya karkato ta mashigar Marma ya zo ya kwanta a kan gonakin mutane a nan. Can ana kukan ƙishi, nan ana kukan ambaliya, kogi ɗaya.

Wanda bai shiga kachalla ba ba zai gane ba. Ta fi tsayin mutum nesa, jirgin kwale-kwale ba ya ratsa ta, in ka jefa koma ta kama sai dai ka yanke. Mun sha fita gayya da lauje da adda, ruwa har ƙirji, mu buɗe hanya. Kafin wata uku ta mayar. Ga jan baki da ke kwana a cikinta, da safe su tashi kamar hayaƙi su sauka a gonar shinkafa da gero. Ga sauro. Kuma ita kanta kachallar ruwa take sha dare da rana, ba ta ba kowa ko ƙwaya.

An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2000, tsuntsaye daga Turai suna zuwa hunturu a nan. Muna alfahari da haka. Abin da muke roƙo shi ne a riƙa sakin ruwa yadda kogi ya saba: a sake shi da ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa, a rage shi sosai wani lokaci na rani ya bushe kachalla.

Alhaji na Bakin Ƙofa:
To ɗan'uwa, in aka rage da rani, mu da muka zuba jari a noman rani fa? Ka san yawan mutanen da ke cin abinci a Kadawa da Garun Malam da Bunkure? Tumatirin da ake lodawa zuwa Legas daga ina yake fita?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Alhaji, ruwan kanal ɗinku da ruwan da ake saki cikin kogi ba ƙofa ɗaya ba ce, ana iya tsara kowanne. Kuma akwai lissafin da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 a kan wannan kogin. Sun haɗa abin da dausayin Haɗejiya da Nguru ke bayarwa, noma da kifi da itace, suka auna da abin da babban aikin ban ruwa na Kano ke bayarwa, a kan adadin ruwa iri ɗaya. Dausayin ne ya yi rinjaye, da tazara mai yawa. Wannan ba ya nufin a rufe Kadawa. Yana nufin kada mu ɗauka duk ruwan da ya wuce mu asara ne.

Ɗan Ningi:
Ni kuma daga Bauchi nake, kuma sai na faɗi tawa. Shekara nawa ana mana alƙawarin dam ɗin Kafin Zaki? Tun muna yara ake maganarsa. Kano ta datse nata ta yi arziki, mu in muka ce a yi mana sai a ce za mu kashe Yobe da Borno. Matasanmu suna tafiya ci-rani, ruwan Jama'are yana wucewa ta gabanmu muna kallo. Wannan adalci ne?

Baba na Gashua:
Ɗana, ƙorafinka yana da tushe, ba na raina shi. Amma ka sani, ruwan nan da kake kallo yana wucewa, shi ne ya rage mana. Ran da aka datse Jama'are yadda aka datse Haɗejiya, ci-ranin da kake gudun wa yaranku, namu ne za su yi shi, har da iyayensu. Ku nemi ƙananan madatsai a rafuka, ku nemi rijiyoyin fadama, mu ma za mu taya ku roƙo.

Ɗan Ningi:
Baba, ban gamsu ba, amma ba zan yi jayayya da kai ba. Sai dai in za a ce mu haƙura, to na Kano ma su nuna sun rage.

Mai Tattasai daga Diffa:
Gaisuwa daga Nijar. Ku ƙara da mu a lissafi. Kogin nan da kuke magana, wato kogin Yobe, bayan Gashua ya wuce Geidam, ya zama iyaka tsakaninmu da ku kafin ya faɗa tafkin Chadi. Jan tattasan Diffa da ake kaiwa kasuwannin Najeriya a bakinsa ake noma shi. Mu ba mu da labarin ranar da aka buɗe ƙofa ko aka rufe, sai dai mu ga ruwa ya iso ko ya makara. Wata shekara ya janye tattasai bai gama ba, wata shekara ya zo da ƙarfi ya shiga gari. Akwai yarjejeniyar da ƙasashenmu biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da muka haɗa, har da wannan da gulbin Maraɗi. Manomi dai bai taɓa ganin ta a gonarsa ba.

Wani Ɗalibi:
Ashe shi ya sa tafkin Chadi ya ƙafe. Dam ɗin Kano ne suka kashe shi.

Malamin Gona Mai Ritaya:
A'a ɗana, kada mu ɗora wa Tiga abin da ba nata ba. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai lokacin farin shekarun 1970 da 1980. Amma kusan duk ruwansa, fiye da kashi 90 cikin 100, daga kogin Chari da Logone yake zuwa ta kudu. Na Yobe ɗan kaɗan ne a cikin tafkin. Girman Yobe yana wurin mutanen da ke zaune a bakinsa, ba su da wani kogin sai shi.

Matashi Mai Sola:
Iyayena, ni ina ganin duk wannan rigimar ta kanal da dam ta kusa zama tarihi. Ni a fadamar Auyo nake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura, har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Injin fetur ya kusa kore ni daga gona. Na sayar da babur, na haɗa da bashi, na sayi faranti da injin sola, na huda rijiyar bututu a gonata. Yanzu daga hantsi har la'asar ruwa na zuba, ba na biyan ko sisi, ba na jiran layin kowa. Duk wanda ya samu hali ya yi haka, ya huta.

Hajiya Mai Turara Shinkafa:
Ɗana, Allah ya sa albarka a abin da ka samu, amma bari in gaya maka yadda abin yake daga ɗaya gefen. Ni sana'ata turara shinkafa, kuma ina da ɗan lambu bayan gari, alayyafo da salak da yakuwa, da shi nake biya wa yara makaranta. Rijiyata ta hannu ce, da guga muke ja, ni da 'yata. Shekara goma sha ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazara sai dai ta yi ƙasa. Da maƙwabtan lambuna uku suka sa sola, tun watan Maris in na jefa guga da azahar sai in ji ya bugi laka. Sai mun sammako da asuba, kafin rana ta tayar da injinansu, sannan mu samu na ban ruwa. Na ga yadda suke yi: tiyo a kwance yana zuba, mai gonar yana ƙarƙashin mangwaro yana waya. Lokacin fetur ba ya haka, don kowace awa kuɗi ce.

Ban ce haramun suka yi ba. Amma ruwan da ke ƙarƙashin gonarsa da wanda ke ƙarƙashin lambuna, babu katanga a tsakani.

Matashi Mai Sola:
Hajiya, wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Ni dai na ɗauka ruwan ƙasa ba ya ƙarewa.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Hajiya ta taɓo inda ya fi ba ni tsoro. Sola alheri ne, ba na so matashin nan ya ji kamar ya yi laifi. Amma tsadar fetur, duk da zafinta, ita ce linzamin da ke sa mutum ya kashe inji. An cire linzamin, ba a sa wani ba. Jihar Punjab ta Indiya ta bi wannan hanyar: an ba manoma lantarki kyauta, kowa ya huda rijiya, suka noma shinkafa da alkama har suka ciyar da ƙasarsu, ruwan ƙasa kuma ya yi ta nitsewa shekara bayan shekara. Sai da ta kai a 2009 aka yi doka ta hana dashen shinkafa kafin lokacin da aka ƙayyade a watan Yuni, don a jira ruwan sama. Namu ruwan ƙasa na fadama ma ba shi da zurfi, kuma kamar yadda Baba ya ce, ambaliya ce ke cika shi. Ambaliya ta ragu, injina sun ƙaru.

Kai mai sola, abu uku za ka iya yi tun gobe. Ka yi ban ruwa da safe da yamma, ka bar tsakar rana. Ka kai ruwa bakin fangali da bututu maimakon dogon rami na ƙasa da ke shanye rabi a hanya. Kuma in fangali ya cika ka kashe, ko da rana na nan kyauta. In kana da rara, ka ja wa maƙwabciya irin Hajiya, ku yi yarjejeniya.

Ba'adare daga Tawa:
Sannunku da muhawara. Mu nan Adar ba mu da Tiga, ba mu da kanal, abin da Allah ya zubo shi ɗai muka da. Ƙasarmu da dama ta zama fako, ruwa ya faɗo ya gudu kamar bisa kwano. Wajen 1989 wasu manoman Illela sunka tafi Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna wajen raya fako, sunka gano yadda suka gina ramu cikin fako, sunka dawo da abin. Mu tassa muka ce mishi.

Da rani aka gina ta, rami faɗin taƙi guda, zurfin ɗan abin da bai kai taƙi ba, ƙasar da ka fiddo ka tara ta gefen gangare. Ka zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko in ya sauka ya tsaya cikin ramen ya nitse. Nan ka shuka hatsi. Na gani da idona, an yi kwana ashirin ba ruwa, gonar da ba tassa ta ƙone, ta tassa tana kore. Ga ramu masu siffar rabin wata da muka gina ma itace da ciyawa, ga jerin duwatsu bisa gangare. Aiki ne mai wuya, gatari da hauya cikin zafin bazara, ba kowa ka iya hekta guda shi ɗai ba, sai gayya. Amma akwai ƙauyukan da ruwan rijiya ya ɗago bayan an daɗe ana yi, har mata sunka fara lambun albasa inda da ba a yi.

Ku masu ruwa da yawa, ku zo ku ga yadda aka lallashin ɗigo guda.

Bafulatani Mai Kiwo:
A duk maganar nan ba wanda ya ambaci mashaya. Inda shanu ke sauka su sha, yanzu an kewaye da albasa har bakin ruwa. In za ku zauna rabon ruwa, ku kira mu, mu ma da shi muke rayuwa. Rabin rigimar da ake yi da rani daga nan take tashi.

Baba na Gashua:
Gaskiya ne, Ardo. A da akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Noma, akwai ku, kowa ya san ranar shigarsa fadama.

Na Ƙarshen Kanal:
Malam, mu dawo kan shinkafa. Akwai hanyar da na sama zai rage ruwa ba tare da amfaninsa ya ragu ba? Don in babu, Alhaji ba zai saurare mu ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Akwai, kuma ba ta buƙatar kuɗi. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ce ta yaɗa ta. Shinkafa ba kifi ba ce, tana jure ruwa ne, ba dole sai ta kwana a cikinsa kullum ba.

Ka samu guntun bututun roba mai faɗi, wanda hannunka zai shiga, tsawon santimita 30. Ka huda ƙananan ramuka a jikin rabinsa na ƙasa, ko'ina. Ka kafa shi a fangali, santimita 15 cikin ƙasa, 15 a waje, ka kwashe lakar da ke ciki har ƙasa. Bayan dashe da kamar sati biyu, in shuka ta kama, ka ba da ruwa ya hau kamar santimita 5, sai ka bari. Ruwa zai ɓace a saman ƙasa, kada hankalinka ya tashi. Ka leƙa cikin bututun. Muddin kana ganin ruwa a ciki, saiwa tana sha. Sai ya sauka ya kai santimita 15 ƙasa da fuskar gona sannan ka sake bayarwa. Amma daga sati guda kafin fure zuwa sati guda bayansa, ka bar ruwa a tsaye, nan ba wurin tsimi ba ne. Inda aka yi shi daidai, ana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, amfani bai ragu ba. Saiwa ma ta fi nitsawa, shuka ba ta saurin kwanciya.

In gonarka mai ciyawa ce sosai, ka jinkirta farawa har shinkafa ta rufe ƙasa. In kuma ƙasarka ta fara fitar da farin gishiri ko kanwa, wannan wata magana ce, sai an duba magudana tukuna.

Alhaji na Bakin Ƙofa:
Malam, na fahimta, kuma abin ya shiga kaina. Amma ga inda gizo ke saƙar. Na bar ruwa ya sauka har santimita 15, na zo buɗewa, aka ce yau babu ruwa a kanal, sai bayan kwana biyar. Wa zai biya ni? Mai sola zai iya wannan dabarar, don ruwansa na hannunsa. Ni nawa yana hannun wani.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Wannan ita ce tambayar, Alhaji, kuma bututu ba zai amsa ta ba. Ba wanda zai yi tsimi in bai amince da layi ba, layi kuma ba zai tsaya ba muddin na sama yana kwasar na kwana goma a dare ɗaya. Dole wani ya fara. Kuna da ƙungiyar masu amfani da ruwa a kowane sashe, an kafa su don wannan. Ku zauna ku rubuta ranar kowa da awannin kowa, ku manna a bakin ƙofa. Ku sa mutum biyu su riƙa zagaye da dare, ɗaya daga sama ɗaya daga wutsiya. Ku yashe kanal tare kafin a sako ruwa, don wani ruwan ba sata aka yi ba, ciyawa da yashi ne suka tare shi. Na ga sashen da suka juya layin, suka fara ba na wutsiya sannan a hauro sama. Na sama ba ya rasawa, don ruwa ta gabansa yake wucewa.

Alhaji na Bakin Ƙofa:
A fara da wutsiya kam sai an sha fama da mutanenmu, ba zan yi muku alƙawarin bakin kowa ba. Abin da zan iya, zan kafa bututun a fangali biyu in gwada, sauran in bar su yadda na saba, in an yi girbi mu auna buhu. Saifon kuma daga yau ba zai kwana a kanal ba, na gaya wa yarana.

Ɗan Ningi:
In kun auna ku kawo mana sakamakon nan, da hoto.

Masunci daga Nguru:
Maganar sakin ruwa da damina fa? Kada ta nitse a nan.

Na Ƙarshen Kanal:
Ba za ta nitse ba, ɗan'uwa, sai dai ta fi ƙarfin ƙungiyarmu, sai mun haɗa baki da ku an kai ta gaba. Alhaji, na yi magana da shugaban sashenmu yanzu, ya ce a haɗu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bakin ƙofar ruwa. Zan zo da littafin da nake rubuta ranakun da ruwa ya iso gonata tun farkon rani. Malam, in da hali ka zo da bututu guda a nuna wa mutane yadda ake huda shi. Hajiya, ki turo ɗanki ya faɗi maganar rijiyar da bakinsa.

Hajiya Mai Turara Shinkafa:
Da kaina zan zo, in sha Allahu. Ku tanadar mana tabarma a gefe, mu huɗu ne masu lambu.